Bakin da Allah Ya Tsaga

Cikin karin maganganun da Bahaushe ya gada, kaɗan ne suka kai wannan sanyaya zuciya: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Da shi ake rarrashin magidancin da aka yi wa haihuwa alhali rumbunsa ya yi ƙasa, da shi kuma uwa take kwantar da hankalinta idan ɗanta ya tafi ci-rani aka yi wata uku babu labari. Ban taɓa shakkar gaskiyarsa ba, kuma ba don in rushe shi na ɗauki alƙalami ba. Tambayata ƙarama ce, har mai karatu yana iya yi mata dariya: idan an tsaga bakin amma tsagin ya zo a karkace, ga abinci zube a gabansa ya kasa ɗauka, ta hannun wa alkawarin zai cika? Wadda ta jefa ni cikin wannan tambaya kuwa kaza ce.

A cikin 'yan tsaki, jefi-jefi akan sami ɗaya wanda bakinsa na sama da na ƙasa ba su haɗu ba, ɗaya ya nufi dama ɗaya ya nufi hagu, kamar almakashin da ƙusarsa ta saki. Ranar ƙyanƙyasa da wuya ido ya kama abin. Sai an yi mako guda ko biyu, wani lokaci fiye, sannan giccin ya fara bayyana, kuma yadda ƙashin kai yake girma haka karkatar take ƙaruwa. Masana kiwon kaji sun ambaci dalilai da dama. Akwai gado, domin binciken da aka yi a ƙasar Sin a kan wani jinsin kajin Beijin ya nuna abin yana bin jini. Akwai yanayin kwanciyar ɗan tsako a cikin ƙwai: a ƙarshen kwana 21 na kwanci yakan cusa kansa ƙarƙashin fiffikensa na dama kafin ya fasa ɓawo, kuma ana kyautata zaton wanda ya kwanta ba daidai ba yana iya fitowa da baki a gicce. Akwai kuma hawa da saukar zafi a injin ƙyanƙyasa, da rauni, da ƙarancin abinci mai gina ƙashi. Ko wanne ne sanadi, hukuncin ɗaya ne: ba ya warkewa. Babu allura, babu jiƙo, babu ɗauri irin na karaya da zai mayar da bakin mazauninsa.

Kafin a gane nauyin wannan nakasa sai an tuna cewa kaza ba ta da hannu. Da baki take tsintar tsaba ɗaya-ɗaya, da shi take ɗibar ruwa ta ɗaga kai ya gangara, da shi take kare kanta a cikin 'yan'uwanta. Da shi take lakato maiƙo daga wani ɗan ƙullutu da ke gindin bindinta ta shafe gashinta, tana tsince ƙwarƙwata a hanya. Wadda bakinta ya gicce ta rasa cokali, ta rasa mataji, ta rasa makami, duk a tashi ɗaya. Takan kai sara ga ƙwayar gero sau goma, ƙwayar tana zillewa ta gefe.

A nan zan ɗan ratse in wanke kaza daga wani tsohon ƙazafi. Idan mutum ya ci alheri ya manta mukan ce ya yi halin kaza, ci ki goge baki. Amma gogar bakin nan da take yi a ƙasa bayan ta ci ba butulci ba ne, aikin gyara ne. Fatar bakin tsuntsu ta irin sinadarin da ya yi farce da ƙaho ce, ba ta daina tsiro har mutuwa, kuma gogayya da ƙasa da tsakuwa da haɗuwar sama da ƙasa su ne suke rage ta, kamar yadda mahauci yake wasa wuƙarsa. Mai gicciyayyen baki ita ce kazar da ba ta iya cika wannan karin magana: ko ta goga, gefunan ba sa cin juna, sai su yi ta tsawo suna lanƙwashewa har abin da take iya ɗauka jiya ya gagare ta yau.

Na san waɗannan abubuwa ne ta dalilin gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta baro ƙauyensu da ke ƙasar Tsafe a ƙarshen daminar 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma datse layukan waya saboda 'yan bindiga. Shanun gidansu an riga an kore su, awaki ma haka. Abin da ta iso da shi gidanmu a Tudun Wadar Gusau shi ne ƙullin tufafi da tukwane biyu da kaji huɗu a kwando. Bayan 'yan watanni ɗaya daga cikin kajin ta ƙyanƙyashe tara, takwas lafiya lau, ta tara kuwa yaran gida suka laƙaba mata 'Yar Almakashi.

Abin lura shi ne, ba bakin Gwaggo ta fara gani ba. Al'adarta ce idan magariba ta gabato, kafin ta rufe akurki, ta ɗauki 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya ta shafa ƙasan wuyansu, inda 'yar jakar da abinci yake fara taruwa take, ta ji wa ya ƙoshi wa bai ƙoshi ba. Kwana uku a jere tana jin takwas tim, ɗaya fayau, alhali a gabanta aka watsa tsakin kuma a gabanta dukkansu suka yi ta sara. Sai a rana ta huɗu ta kai ta haske ta buɗe bakin.

Daga ranar tsarin gidan ya ɗan canja. Takan haɗa dusa da garin masara ko na gero ta dama da ruwa, kaurinsa tsakanin kunu da fate, ta zuba a gwangwani mai zurfi, domin kazar ba ta tsinta, sai dai ta nutsa baki ta kwaso da na ƙasa harshe ya ja. Takan kifa mata kwando ita kaɗai har ta gama, saboda sauran kajin ma sun fi son jiƙaƙƙen, kuma ba sa yi mata kara. Sau uku a yini. Ragowar ba ya kwana, don zafin Gusau ba ya barin jiƙaƙƙiyar dusa ta wuni ba ta yi tsami ba. Bayan ci sai a goge mata abin da ya bushe a hanci da gefen baki. Ruwan shanta a mazubi mai zurfi. Toka a kusurwar akurki don birgima, kuma lokaci-lokaci a buɗe ƙarƙashin fiffike a duba ƙwarƙwata, tun da ba ta iya tsince su da kanta. Duk bayan mako biyu ko uku ni ne mai riƙe ta, Gwaggo ta bi tsinin bakin da magagari a hankali, tsinin kawai, domin can ciki akwai jini da jijiya, kuma wanda ya zarce zai ji kukan da ba zai so ya sake ji ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Bungudu, yakan leƙo mu idan ya shigo Gusau. Ranar da ya tarar da mu a kan wannan aiki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gwaggon yara, wagga kaza ai yuƙa taka jira. Ki bari ta ɗan yi nama a yanke ma yara, kowa shi huta." Gwaggo ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ba ita tay yi ma kanta bakin ba. Wanda yat tsaga shi, shi yab ba ni hannu."

Da sauƙi marubuci ya mayar da Kawu azzalumin labari, amma yin haka rashin adalci ne, domin hujjarsa tana da ƙarfi ƙwarai. A ƙauyukanmu kaza ba abar wasa ba ce. Ita ce asusun mace: da ita ake sayen maganin zazzaɓi da sabulu, ita ake yanka wa baƙo da mai jego. Darajarta kuwa a kan cewa tana ciyar da kanta ne, ta fita da safe ta yi tono a juji da gindin danga, ta dawo da yamma a watsa mata ɗan abin da ya samu. Kazar da sai an dama mata sau uku ta juya lissafin, ta zama ita ce take cin gidan. Ga shi ba za ta kai 'yan'uwanta girma ba, ba za ta kai su ƙwai ba. Manyan gidajen ƙyanƙyasa, irin waɗanda ake lodo 'yan tsakinsu daga Ibadan zuwa Arewa, cire irin waɗannan suke yi da zarar an gane su. Sannan yanka halas ne, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Kawu bai ce a azabtar da ita ba. Ya ce a gajarta mata wahala a kuma amfana da namanta, kuma addinin da muke bi, wanda ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, bai hana shi ba. Idan aka tambaye ni ko mai yin haka ya yi laifi, amsata a'a ce.

Sai dai na daɗe ina lura cewa a yawancin gidaje ba hanyar Gwaggo ake bi ba, ba kuma ta Kawu ba. Akwai hanya ta uku, wadda ba ta da mai kare ta a baki saboda ba ta buƙatar kowa ya yanke shawara. A ga ɗan tsakon, a ce Allah sarki, a ce ikon Allah, a ci gaba da watsa tsaba kamar kullum. Shi kuma ya yi ta sara a tsakiyar abinci yana ramewa, gashinsa ya yamutse, ƙwarƙwata ta samu gida, 'yan'uwansa su mayar da shi gefe, har wata safiya a tsince shi a bayan randa, ko shirwa ta rage wa kowa aiki. A nan ne karin maganarmu take zama mafaka. Mai gida bai hana abinci ba, kowa shaida ne ya watsa. Bai kuma zubar da jini ba. Hannunsa tsaf. Amma a ganina cikin mutanen uku shi kaɗai ne yake da abin amsawa, domin Gwaggo ta ɗauki nauyin rayuwar kazar, Kawu ya yarda ya ɗauki nauyin mutuwarta, shi kuwa ya bar yunwa ta yi masa yankan a hankali cikin makonni, sannan ya kira abin ƙaddara.

Hadisin nan sananne da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, yana da wani sashe da ba a cika tsayawa a kansa ba. Ba a ce ta doke ta ba. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Wato azabar ta zo ne daga abin da ba ta yi ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun gina hukunci a kan irin wannan fahimta. A Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, idan kuwa bai yi ba a sayar da ita. Fatawa ta malamai ce, ni darasin tunani na ɗauka daga sharaɗin nan na makiyaya. Abin da yake sauke nauyi daga wuyan mai dabba shi ne dabbar tana iya ci da kanta. To ga kaza a tsakiyar makiyaya, juji na nan, tsaba na nan, amma a wurinta duk daidai suke da faƙo. Ashe samuwar abinci a fili ba ta isa ta wanke mai shi ba, sai abincin ya zama irin wanda wannan bakin yake iya ɗauka.

Watsa tsaba yana da kamannin adalci, shi ya sa yake ruɗinmu. Hannu ɗaya, rabo ɗaya, babu wanda aka fifita. Amma kowace mai kiwo ta san garken kaji yana da sarauta: akwai wadda take sarar kowa ba a sare ta, akwai wadda kowa yake sara. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya rubuta wannan a farkon shekarun 1920 har ya yi suna da shi, alhali kakanninmu mata sun daɗe da sani ba tare da sun rubuta ba. Idan aka watsa abinci aka juya baya, tsarin nan ne yake yin rabon, ba mai watsawa ba.

Na san akwai ƙorafin da ya fi na Kawu zafi, kuma an faɗa mini shi a fuska. A jihar da mutane suka bar gonakinsu a Tsafe da Bungudu suka cika gine-ginen da ba a ƙarasa ba a Gusau, a jihar da tamowa take kwantar da yara a asibitoci, wane irin rashin ta-ido ne mutum ya zauna yana goge wa kaza baki, har ya rubuta maƙala a kai? Ƙorafin yana da gaskiya ta fuska ɗaya: da a ce dusar kazar daga bakin yaro aka ciro ta, da babu muhawara, yaro ne gaba, kuma a ranar kazar za ta shiga tukunya. Amma na auna abin da 'Yar Almakashi take ci, bai wuce cikin tafin hannu biyu a yini ba, kuma mafi yawansa dusa ce da ta rage daga surfe. Abin da take ci da gaske shi ne lura, da 'yan mintoci sau uku a rana. Lura kuwa ba hatsi ba ce da za a ce idan an ba kaza ta ƙare kafin a zo kan mutum. Abin da idona ya gani akasin haka ne. Matar da take shafa wuyan 'yan tsaki da magariba ita ce, idan an ajiye wa yara tuwo a kwano ɗaya, take gane wanda hannunsa yake zuwa baki babu komai a ciki.

Ba ina daidaita ɗan Adam da kaza ba ne, Allah ya kiyaye. Amma kuskuren mai watsa tsaba kuskure ne da yake bin mutum duk inda ya je. A sauke buhunan tallafi a fili, a ɗauki hoto, a ce an raba. Mai ƙarfin kafaɗa ya kutsa ya samu biyu, tsohuwar da ba ta iya tsayuwar layi ta koma hannu wofi, kuma a takarda babu wanda aka hana. Likitocin tamowa sun fahimci wannan tun tuni. Yaron da yunwa ta cinye jikinsa ba a warkar da shi da buhun gero, domin cikinsa ba ya iya sarrafa abin da lafiyayye yake ci. Shi ya sa aka haɗa wani abinci na musamman mai laushi, na gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda ake bai wa uwa a ƙananan leda ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ana kuma auna damtsensa a ga ko yana shiga jiki. Tunanin da ya haifi wannan leda shi ne tunanin da ya haifi gwangwanin Gwaggo: a fara duba bakin, sannan a dama abin da zai shige shi, sannan a dawo a taɓa a ji.

Tausayin Gwaggo kuma yana da iyaka, kuma iyakar ce ta sa na ƙara girmama shi. Da kazar ta girma ta fara ƙwai, jefi-jefi, ƙanana, yara suka so a bar mata ta kwanta a ga 'ya'yanta. Gwaggo ta ƙi. Ƙwan 'Yar Almakashi na soyawa ne, ba na kwanci ba, domin abin da yake iya bin jini ba a buɗe masa ƙofa. Kula da nakasasshen da ya riga ya zo daban, ƙirƙiro wasu don a ji daɗin tausaya musu daban. Jeremy Bentham, masanin falsafa na Ingila, ya kafa hujja a littafinsa na 1789 cewa abin da yake ba dabba haƙƙi a kanmu shi ne tana jin wahala, ba wai tana da hankali ko magana ba. Masu ƙaunar dabbobi suna yawan jingina da wannan, amma ma'aunin kaifi biyu gare shi. Idan wahalar kazar ce ta wajabta mana dama mata dusa, to wahalar ce kuma za ta wajabta mana daina riƙe ta ranar da dusar ta daina isa. Wanda ya ci gaba da tsare dabba a cikin azaba don shi ba ya iya rabuwa da ita, kansa yake tausaya wa.

Ta wannan ƙofa ne maganar Kawu ta dawo cikin gidan, har su biyun suka yi wata irin yarjejeniya ba tare da ɗayansu ya ce ya sauka daga ra'ayinsa ba. Duk Juma'a Gwaggo takan kama kazar ta bi ƙashin ƙirjinta da yatsa. Muddin akwai tsoka a gefensa biyu, gwangwani yana nan. Ranar da ƙashin ya fito da kaifi kamar bayan wuƙa, aka ƙara abinci bai rufe ba, to za a aika Bungudu, kuma ta riga ta gindaya sharaɗi cewa a zaure za a wasa wuƙar, ba a gaban kazar ba.

Ba a aika ba tukuna. Kawu yana zuwa kamar yadda ya saba, kuma bai daina cewa yuƙa take jira ba. Sai dai tun daga kakar bara, idan ya sauke buhun dawar da yake kawo wa mahaifiyata, akan sami wata 'yar leda ɗaure a bakin buhun, cike da dusar gero mai laushi wadda aka tankaɗe, kuma bai taɓa faɗin ta wace ce ba.